Kafin ku zana jadawali, ku nemo abin da zai iya kashe aikin

Tambaya: Ni da abokan aikina uku muna son ƙirƙiro manhajar waya da marasa lafiya za su riƙa kama layin ganin likita tun daga gida, don a rage cunkoso a wani asibiti. Akwai wanda ya nuna zai zuba kuɗi, amma ya ce mu kawo masa tsari da jadawali da kasafi. Har yanzu maganar a baki take, ba mu rubuta komai ba. Biyu daga cikinmu sun ce mu fara rubuta manhajar kawai, sauran bayani ya biyo baya. Ta ina ake farawa?

Amsa: Ɗan'uwa, abokan naka biyu da mai kuɗin wuri guda suke jan ka, ko da yake ba su lura ba. Abokanka suna son su ga hannu yana motsi, mai kuɗi yana son ya ga takarda mai kwanan wata da alƙaluma. Dukansu sun riga sun yanke cewa manhajar ce maganin, saura kawai a yi ta. To wannan hukuncin ne ba ku da hujjarsa tukuna, kuma aikinku a yanzu shi ne ku samo hujjar, ko ku samo abin da zai rushe shi. A cikin ayyukan da na duba tsarinsu kafin a sake musu kuɗi, ba kasafai nake ganin wanda ya mutu don masu yinsa ba su iya ba. Yawanci an yi aikin da kyau, sai dai an ɗora shi a kan wani zato da ba wanda ya tsaya ya gwada.

Abin da ya bambanta wannan mataki da duk waɗanda za su biyo baya shi ne arhar canza shawara. Yau in kuka ce a'a, ba haka za mu yi ba, asararku takarda ce da 'yan awoyin da kuka ɓata kuna gardama. Ranar da aka ɗauki ma'aikata, aka sa hannu a kwangila, aka yi wa jama'a alkawarin ranar buɗewa, wannan a'a ɗin sai an saye ta da tsada, wani lokaci ma ba ta sayuwa. Shahararren ginin wasannin nan mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa da ke birnin Sidni na Ostareliya ya ishe ka misali. A 1957 wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak, Jørn Utzon, ya ci gasar zana shi, da zanen da a lokacin ba a san yadda za a gina rufinsa ba. Firimiyan jihar, Joseph Cahill, yana tsoron kada adawa ko rashin kuɗi su binne maganar, sai ya matsa aka fara aiki a watan Maris na 1959 alhali zane bai kammala ba. Sai a 1961 aka gano dabarar rufin, kuma da aka gano ta, sai ya bayyana ginshiƙan da aka riga aka zuba ba za su ɗauke shi ba. Aka fasa aka sake. Aikin da aka ce zai ƙare a 1963 a kan dalar Ostareliya miliyan 7, sai a 1973 aka buɗe shi, ya lashe miliyan 102. Utzon ya ajiye aikin a 1966 bayan rigima da gwamnati, kuma bai sake komawa ya ga ginin da idonsa ba. Ginin ya yi kyau, babu musu. Amma dubi dalilin gaggawar: an fara ne don a ɗaure kowa, don kada a samu damar ja da baya. Duk sanda ka ji wani a cikinku yana cewa "mu dai fara, in an fara ba mai tsayar da mu", ka san irin wannan tunanin ne ya leƙo.

Saboda haka abin da za ku fara rubutawa shi ne matsalar, kuma ku rubuta ta ba tare da manhaja ta fito a ciki ba. Yana da wuya fiye da yadda kake zato. In kuka rubuta cewa asibitin ba shi da manhajar kama layi, maganinku kuka canza wa riga kuka kira shi matsala. Matsala ita ce irin wannan: mutum yana zuwa da sassafe, ba ya ganin likita sai tsakar rana, wasu kuma suna gajiya su tafi ba a duba su ba. Mutum nawa? Awa nawa? Wace rana ce ta fi muni? In ba ku da amsa, to ga aikinku na makon farko.

Ɗayanku ya nemi izinin shugabannin asibitin, ya ɗauki littafi da agogo ya zauna a zauren jira. Ya bi mutum kamar 30 a ranaku daban-daban, ya rubuta lokacin da kowa ya shigo ƙofa, lokacin da ya miƙa kati, lokacin da aka fito da fayil ɗinsa, lokacin da nas ta auna shi, lokacin da aka kira shi wurin likita, da mintin da ya yi a ciki. Kada ya tambayi kowa ra'ayinsa tukuna, ya zuba ido kawai. Mai yiwuwa ya tarar likitocin suna zagayen ɗakunan kwanciya har ƙarfe 10, alhali an saba kowa ya zo ƙarfe 7. Mai yiwuwa ya tarar mutum ɗaya ne a ɗakin kati, yana hawa tsani yana laluben fayil a cikin kanta, likita kuma yana zaune a ofis hannu a naɗe yana jiran a kawo masa. In haka ne, manhajarku za ta kawo mutane a kan lokaci ne su zo su zauna jiran fayil. Taiichi Ohno na kamfanin motoci na Toyota ya shahara da tilasta wa ma'aikatansa su tambayi "me ya sa?" har sau biyar kafin su yarda sun kai ga tushen matsala. Ba lallai sai biyar ba, amma amsar farko kusan kullum alama ce ta ciwon, ciwon kansa yana can ƙasa.

Da kun kama matsalar da kyau, ku jera aƙalla hanyoyi uku na magance ta, ku sa barin abin yadda yake a matsayin ta huɗu, don da ita za ku auna sauran. Canza lokacin da ake ce wa mutane su zo hanya ce. Ƙara mutum ɗaya a ɗakin kati hanya ce. Raba lamba ta saƙon tes hanya ce. Manhaja ma hanya ce, amma ta shiga layi ta kare kanta kamar kowacce. Na san wannan ba zai yi muku daɗi ba, tunda manhajar ce ta haɗa ku. Sai dai son hanya guda tun kafin a duba ƙasa ya taɓa cin rayuka. Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin Suez na Masar da aka buɗe a 1869, ya yi suna da wannan aiki: miƙaƙƙen rami a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ruwansa daidai da na teku. Da aka zauna a birnin Faris a 1879 kan yadda za a haƙa na Panama, wani injiniya mai suna Godin de Lépinay ya ba da shawarar a datse koguna a yi tafki a tudu, jiragen ruwa su riƙa hawa da sauka ta matakalan ruwa masu ƙofofi. Ba a saurare shi ba, domin de Lesseps ya riga ya yanke irin na Suez za a yi. Panama kuwa tuddai ne da kurmi, ga ruwan sama mai zaftare duk abin da aka haƙa, ga kogin Chagres mai ambaliya, ga zazzaɓin cizon sauro da na shawara. Aka fara a 1881, kamfanin ya durƙushe a 1889, bayan mutuwar mutum kimanin 22,000. Da Amurkawa suka karɓi aikin a 1904, injiniyan da suka tura a 1905, John Stevens, sai ya sassauta haƙa, ya koma gyaran layin dogon da zai kwashe ƙasa, da gina wa ma'aikata gidaje, da mara wa likita William Gorgas baya a yaƙi da sauro. A 1906 aka zaɓi matakalan ruwa, aka buɗe mashigin a 1914, a kan tsari mai kama da wanda aka yi watsi da shi shekara 35 kafin nan. Wanda wata hanya ta taɓa yi masa rana shi ya fi kowa wuyar shawo kai. In wani ya ce muku "ai a wata ƙasa an yi irin wannan manhaja ta yi aiki", ku tambaye shi me ke ƙarƙashinta a can wanda ku ba ku da shi.

Yanzu mu zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar wannan mataki. Ku zauna ku huɗun, ku rubuta duk abin da dole ya zama gaskiya kafin manhajar ta yi amfani. Za ku ga suna da yawa. Dole akasarin masu zuwa asibitin su kasance suna da babbar waya, ko suna da wanda zai kama musu layi. Dole wanda aka ba ƙarfe 11 ya zo ƙarfe 11. Dole likita ya gan shi a lokacin. Dole ma'aikatan ɗakin kati su yarda su riƙa duba kwamfuta. Dole a samu wuta da intanet a lokacin aiki. Dole a san yadda za a yi da wanda ya zo ba tare da kama layi ba, da wanda aka kawo rai a hannun Allah. Dole a samu wanda zai ci gaba da biyan kuɗin kula da manhajar bayan kuɗin mai zuba jari sun ƙare. Sannan kowanne ku yi masa tambaya biyu: yaya ƙarfin saninmu a kansa, kuma in ya zama ƙarya, aikin zai jikkata ne ko zai mutu? Wanda kuka fi jahilta kuma ya fi kisa, da shi za ku fara.

Ka lura a duk jerin nan babu "za mu iya rubuta manhajar?" Za ku iya, kun sani. Shi ya sa abokanka suke son farawa da ita: mutum yana son ya fara da abin da ya ƙware a kai, ya ɗage abin da ke ba shi tsoro. A farkon ƙarni na 20 mutane da dama suna neman yin jirgin sama. Samuel Langley, babban masanin kimiyya a Amurka, ya samu dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi, ya mai da hankali kan inji mai ƙarfi da cikakken jirgi. Sau biyu aka harba jirginsa a 1903, sau biyun yana faɗawa kogin Potomac. 'Yan'uwan nan biyu masu sana'ar kekuna, Wilbur da Orville Wright, sun ɗauka abin da ba a sani ba shi ne yadda za a sarrafa jirgin in ya tashi, da yadda fuffuke ke kama iska. Da suka ga alƙaluman da ake dogara da su ba su dace da abin da suke gani a fili ba, sai a 1901 suka haɗa wani akwati na katako da fanka a bakinsa, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a ciki. Jirginsu ya tashi ranar 17 ga Disamba, 1903, kwana tara bayan faɗuwar Langley ta biyu.

Naku akwatin katakon shi ne waya ɗaya da littafi ɗaya. Ku roƙi asibitin ya ba ku likita ɗaya na tsawon mako huɗu. Ku manna lambar waya a bango. Wanda ya kira ko ya turo saƙo, ɗayanku ya ba shi lokaci ya rubuta a littafi, da safe a miƙa wa nas takardar sunaye. Shi ke nan, kun yi duk abin da manhajar za ta yi ba tare da kun rubuta layi ɗaya ba. Sai ku ƙirga mutum nawa suka kira, nawa suka zo a kan lokaci, nawa likita ya gani a kan lokaci. Amma abin da za ku fi zuba wa ido yana bakin ƙofar likita. Akwai dattijon da ya zo tun gari bai waye ba, yana zaune a benci da katinsa a hannu, sai ya ga wani matashi ya shigo ƙarfe 11 yana danna waya, ko zama bai yi ba an kira sunansa. Dattijon zai miƙe, waɗanda ke kusa da shi za su taya shi, kuma nas ɗin da ke riƙe da takardarku ita za a yi wa ca. Bayan kwana biyu ko uku na irin wannan, za ta ninke takardar ta sa a aljihu ta koma kiran mutane yadda suka zo, ba kuma za ta sanar da kowa ba. Babu taron ofis da zai nuna muku wannan. In kun gan shi a mako na biyu da littafi, sai ku gyara: ko a raba awoyin safe ga masu zuwa kai tsaye, ko a riƙa kiran ɗaya daga nan ɗaya daga can. In kuwa sai bayan wata takwas na rubutun manhaja kuka gan shi, za ku ce ma'aikatan asibiti ne ba sa son ci gaba.

Sharaɗi ɗaya: ku rubuta makin cin gwajin kafin ku fara shi. Misali ku ce in rabin waɗanda aka ba lokaci ba su zo a cikinsa ba, zaton ya faɗi. In ba ku rubuta ba, duk sakamakon da ya fito za ku samo masa fassara mai daɗi.

Labarin nas ɗin nan ya kai mu ga mutane. Shugaban asibiti zai iya sa muku hannu, amma ba shi ke zaune a ɗakin kati ba. A kowane aiki akwai masu amincewa, akwai masu biya, akwai masu amfani da abin, akwai kuma waɗanda nauyinsa zai hau kansu kullum, kuma da wuya su zama mutum guda. Na ƙarshen nan su aka fi mantawa, su ne kuma ke da ikon kashe aiki cikin ruwan sanyi. Ku tambayi kanku wa zai rasa wani abu in aikin ya yi nasara. A duk inda ake dogon layi, akan samu mai cin moriyar tsawonsa, ko da kuwa ikon cewa "kai shiga" ne kawai. Ba sai kun yi faɗa da shi ba, amma ku san da zamansa. A cikinku kuma ku fitar da mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe in ra'ayi ya rabu, ku rubuta wa ke da me a cikin abin da za a samar, tun yanzu da babu abin rabawa. Ku kuma rubuta abin da ba za ku yi ba. Da zarar an ji kuna aikin manhaja, wani zai ce ku haɗa da biyan kuɗi, wani ya ce sakamakon gwajin jini, wani ya ce ɗakin magani. Jerin abubuwan da ba sa cikin aiki yakan fi jerin waɗanda ke ciki amfani.

Sai maganar kasafi da jadawali, wadda ita ce ta hana ka barci. Gaskiyar da za ka gaya wa mai kuɗi ita ce a wannan mataki ba wanda zai iya ba shi lamba guda ta gaskiya. Barry Boehm, masani a harkar gina manhajoji, ya nuna tun farkon shekarun 1980 cewa ƙiyasin da aka yi a matakin tunani yana iya kaucewa har ninki huɗu, sama ko ƙasa, kuma tazarar tana raguwa ne gwargwadon yadda ake yanke shawarwari. Wato aikin da ka ce wata 6 zai iya cin wata 24. Kuma kuskuren ba ya rabuwa daidai, ɓangare guda yake karkata. Masana halayyar ɗan'adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a a 1979: mutum yana ƙiyasta aikinsa ta hanyar hango matakansa in komai ya tafi daidai, ya manta yadda irinsa ya ƙare wa wasu. Kahneman kansa ya faɗa ciki. Tawagar da yake ciki, wadda aka ɗora wa rubuta wani littafin makaranta, ta ce shekara biyu za su gama. Da ya tambayi ƙwararren da ke cikinsu yadda irin waɗannan tawagogi suka ƙare, sai ya ce wajen kashi 40 cikin 100 ba su gama ba sam, waɗanda suka gama kuwa sun ɗauki shekara 7 zuwa 10. Suka ji, suka ci gaba abinsu. Shekara takwas suka yi, kuma ba a taɓa amfani da littafin ba. Bent Flyvbjerg da abokan bincikensa sun duba manyan ayyukan sufuri 258 a wani nazari da suka fitar a 2002, suka tarar kusan tara cikin goma sun haura kasafinsu: layin dogo da matsakaicin kashi 45 cikin 100, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kashi 34, tituna kashi 20. Waɗannan fa ƙwararru ne masu ofisoshin lissafi.

Maganin da ya fi aiki shi ne ka fara daga waje. Kafin ku lissafa naku, ku nemo ayyuka biyar ko fiye masu kama da shi da wasu suka yi, ku tambaya wata nawa suka ce da farko, wata nawa suka ɗauka, nawa suka kashe, kuma har yanzu ana amfani da abin ko an daina. Wannan ne ma'auninku. In za ku ce naku zai fi nasu sauri, ku kawo dalilin da ya wuce "mu mun fi su himma", don su ma haka suka ce. Sannan ku ba da ƙiyasi mai baki biyu, daga kaza zuwa kaza, ku faɗi abin da zai kai shi bakin sama.

Daga nan sai ka canza abin da kake nema a wurin mai kuɗi. Kada ka nemi kuɗin aikin duka. Nemi ɗan abin da zai ishe ku mako shida zuwa takwas na bincike da gwaji, da alkawarin cewa a ƙarshensa za ku dawo masa da ɗaya daga cikin amsoshi uku: a ci gaba, a canza hanya, ko a tsaya. Mai kuɗin da ya san abin da yake yi zai fi yarda da kai a kan wannan fiye da in ka kawo masa jadawalin wata 18 mai launi-launi. Wanda ya dage sai ka ba shi lamba guda da rana guda tun yanzu kuwa, ka sani da wannan lambar zai riƙe ka har ƙarshe. Jadawalin sanduna irin wanda Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910 kayan aiki ne mai kyau, amma na aikin da aka riga aka san matakansa ne. Ku zana shi dalla-dalla na makonnin nan shida, abin da ke bayansu ku bar shi a manyan matakai uku ko huɗu ba kwanan wata.

Kafin ku kai takardar, ku yi wani zama na awa ɗaya da masanin halayyar ɗan'adam Gary Klein ya yaɗa a 2007. Ku huɗun, da nas ɗaya da mai kati ɗaya in za su zo. Mai jagora ya ce: mu ɗauka shekara guda ta wuce, aikin nan ya rushe warwas, kowa ya rubuta dalili. Kowa ya rubuta shi kaɗai, ba magana, na 'yan mintoci, sannan a zagaya ana karanta ɗaya-ɗaya. Amfanin sa shi a matsayin abin da ya riga ya faru shi ne yana cire wa mutum kunyar zama mai baƙin baki. In ka tambayi abokinka ko yana ganin wata matsala, zai ce a'a don kada a ce yana kashe gwiwa. In ka ce masa ya mutu, me ya kashe shi, sai ka ji abin da ya daɗe yana ɓoyewa, wataƙila ma cewa shi kansa yana shirin karɓar wani aiki nan da wata uku.

Abu mafi nauyi a rubuta shi ne sharaɗin tsayawa, kuma yanzu ne kaɗai za ku iya rubuta shi da gaskiya, tun ba ku zuba abin da zai sa ku ƙi gani ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya riga ya shiga fili ba ya jin wannan. Kamfanin Motorola ya faro tunanin wayar tauraron ɗan'adam ta Iridium a 1987, lokacin da wayar salula ba ta kai ko'ina ba. Aka kashe wajen dala biliyan 5, aka tsara taurari 66, aka fara aiki a ƙarshen 1998. Fasahar ta yi aiki. Sai dai a cikin shekarun nan 11 wayar salula ta mamaye biranen da 'yan kasuwar da ake hari suke zuwa, ita kuma wayar Iridium ƙatuwa ce, kuɗinta wajen dala 3,000, kuma ba ta kamawa a cikin gini. A watan Agusta na 1999 kamfanin Iridium ɗin ya bayyana karyewa. Zaton da aka ɗora aikin a kansa gaskiya ne ranar da aka yi shi, amma ya ruɓe a hanya. Don haka jerin zatonku kada ya zama takardar da aka rubuta sau ɗaya aka jefa a durowa. A kowane mataki da za a sake sakin kuɗi, a ɗauko shi a karanta, a ga wanne ya tabbata, wanne ya faɗi, wanne ya canza.

Takardar da za ku kai ba sai ta wuce shafi biyu ba: matsalar da alƙaluman da kuka auna da kanku, waɗanda ta shafa, hanyoyin da kuka duba da dalilin zaɓinku, abin da ba ya cikin aikin, zato uku mafi haɗari da yadda za ku gwada kowanne, ƙiyasi mai baki biyu, wanda ke yanke hukunci, da sharaɗin tsayawa. In kun kasa matse shi a shafi biyu, alama ce ku kanku ba ku daidaita a kan abin da kuke nufi ba. Gwaji mai sauƙi: kowannenku ya rubuta a jimla uku abin da aikin zai cim ma, ba tare da leƙen na ɗan'uwansa ba, sannan ku haɗa. Sau da yawa ayyuka huɗu ake samu.

Kada kuma ka ɗauki duk wannan a matsayin lasisin zama. Akwai tawagogin da ke fakewa da bincike don tsoron a ga gazawarsu, su shekara suna taro suna sake zana akwatuna da kibiyoyi. Shi ya sa na ce mako shida zuwa takwas, da ranar yanke hukunci a rubuce. Duk wani ƙarin bincike da amsarsa ba za ta canza abin da za ku yi ba, ku bar shi. Abokanka biyu masu ƙaiƙayin hannu kuma akwai aikin da ya dace da su: su zana fuskokin manhajar a takarda ko a wani samfuri na wucin gadi, su miƙa wa mutanen da ke zauren jira, musamman tsofaffi da waɗanda ba sa karatu sosai, su ce "kama layi mu gani", su yi shiru su kalli inda yatsa ke tsayawa. Ku yarda tun farko cewa samfurin na zubarwa ne, don ya zama ruwan dare a ce "ai ya kusa, mu ɗora a kansa kawai", sai abin wucin gadi ya zama harsashin gini.

Kuma kafin ku manna lambar wayar nan a bango, ku karɓi izinin asibitin a rubuce. Littafin da za ku buɗe zai ƙunshi sunayen marasa lafiya da lambobinsu da likitan da suke son gani, kuma wannan kaɗai ya isa ya fallasa ciwon mutum. Ku duba abin da dokar kare bayanan jama'a ta ƙasarku ta ce, ku rubuta wa zai riƙe littafin, ina zai kwana, da abin da za a yi da shi ranar da gwajin ya ƙare.